Masu Gadin Hantata

Shekara talatin da takwas ina tsare ƙofar sito ɗaya, kuma a tsawon shekarun nan ko allura ba ta fita ba sai da takarda. Ku tambayi kowa. An sare ni da adda a kafaɗa, na damƙe mai addar da hannun da ya rage. Babbar mota ta matse ni da ginshiƙin ƙofa, ginshiƙin aka sake ginawa. Rufin sito ya taɓa ruftowa a kanmu mu huɗu, uku aka kwasa a mota, ni na kaɗe rigata na ce a kawo mini shayi. Tun daga ranar ake ce mini Ƙi-Gudu. Manajoji bakwai sun zo sun tafi, babu wanda ya san wani suna nawa ban da wannan. Ban taɓa zama a aji ba. Baƙin da nake rubuta muku wannan da shi, a jikin manyan motoci da takardun fitar da kaya na tsince shi ɗaya bayan ɗaya, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya tuna a tsaye na koye shi.

Na faɗi wannan ne don ku san ba ƙaramin mutum aka kai asibiti ba.

'Yata ta fari shugabar makaranta ce. Tun tana ƙarama muke ce mata Alƙaliya, saboda ko kaza ce ta sa baki a ruwan wanki sai ta tsare ta ta yi mata shari'a. Da uwarsu ta rasu sai ta mayar da ni ɗalibinta na ƙarshen aji. Wata Laraba da tsakar rana ta biyo ta wurin aikina, ta same ni a kujera, wai ina barci, baki a buɗe, ga mota cike da kwalayen sabulu a bakin ƙofa direban na ta danna oda.

"Ba barci nake ba," na ce mata. "Mai gadi na gaske da kunne yake gani."

"Baba, ƙuda ya shiga bakinka ya fito. Ina kallo."

"Na ji shigarsa."

Gaskiya na kwana biyu ina jin gajiyar da ban san tushenta ba, da wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama kamar an cusa mini rabin bulo. Ban gaya wa kowa ba, don mutumin da rufi bai kayar ba ba zai je yana kuka da nauyi ba. Amma Alƙaliya in ta yanke hukunci babu ɗaukaka ƙara. Washegari ta karɓo mini izini wurin Manaja da kanta, ta sa ni gaba.

Aka ɗebi jinina. Aka kwantar da ni, aka shafa mini wani mai mai sanyi a ciki, aka yi ta yawo da wani abu kamar kan dutsen guga. Aka kawo wata na'ura kuma mai ƙwanƙwasa tsakanin haƙarƙari, tuk, tuk, kamar mai sayen kankana. Bayan kwana uku muka koma ɗakin likita. Yarinya ce siririya mai tabarau, wadda da a ƙofar sito ta zo sai in ce ta koma ta turo babba.

"Baba, kana shan giya?" Abin da ta fara tambayata ke nan.

Na miƙe zan fita. Alƙaliya ta riƙe mini riga.

"Yi haƙuri, Baba," in ji likita, "kowa muke tambaya. Hantarka ce ta tara kitse, kuma ta fara kumburi. Masu sha suna samun haka, waɗanda ba su taɓa sha ba ma suna samu, in abinci ya fi aikin da jiki ke yi. Wace sana'a kake yi?"

"Shugaban masu gadi. Na rana."

Sai ta ajiye biro, ta gyara zama. "To, ai kai za ka fi kowa ganewa. Ɗauki hanta kamar babban sito. Duk abin da ka ci, jini yana kwaso shi daga hanji ya biyo da shi ta nan. A cikin hantar akwai wasu ƙwayoyi na garkuwar jiki da suke zaune dindindin a kan hanyoyin jinin. Aikinsu su duba abin da ke wucewa. In ƙwayar cuta ce su haɗiye ta, in datti ne su share."

"Masu gadi ke nan."

"Masu gadi ke nan. To, ɗakunan hantarka sun cika da kitse, wasu har suna fashewa. Masu gadin in suka ji fashewar sai su yi kururuwa, su kira ƙarin mayaƙa daga cikin jini. Waɗanda ke zuwa ba su san gidan ba, duka kawai suka iya, har lafiyayyun ɗakuna suna shafa. Shi ne kumburin. Sannan kururuwar tana tashin wasu ƙwayoyi da ke aikin magina, su yi ta yaɓe inda aka yi ɓarna. Yaɓen shi ne tabo. In tabo ya yi yawa hanta ta taurare, ba ta iya aiki. Naka ya fara, amma bai yi nisa ba."

Na saurara har ta kai aya. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Duk inda aka yi ɓarna a duniya, mai gadi ake fara ɗora wa, ashe har a cikin cikin mutum.

"To a sallame su mana," na ce. "Ba ni ƙwayar da za ta kore su, mu ɗauki wasu."

"In aka kore su, Baba, duk ƙwayar cutar da ta fito daga hanjinka za ta wuce kai tsaye cikin jininka. Za ka bar sito babu kowa a ƙofa?"

"Allah ya kiyaye."

Ta nuna mini wata lamba a takarda. Ta ce a jinin mai lafiya ba ta cika wuce arba'in ba, tawa casa'in da shida ce, kuma tana nuna yawan ɗakunan da ke fashewa. Sikeli ya ce kilo casa'in da huɗu. Ta yi ta bayani a kan abinci da tafiya da rage ƙiba, amma ni a lokacin hankalina na can wurin masu gadin, sai Alƙaliya ce ke rubutawa.

A harabar asibitin ta yanke hukunci. "Wata shida, Baba. In lambar nan ba ta sauka ba, ka ajiye aiki, ka saki ɗakin hayarka, ka dawo gidana. Ni zan riƙa auna maka abin da za ka ci."

"Ni? In bar ƙofata in koma gadin tukunyar furen mijinki?"

"Wata shida."

Ku gane, ni ba gidanta na ƙi ba. Gida ne mai kyau, har da fanka a kowane ɗaki. Amma mutumin da manyan motoci ke tsayawa in ya ɗaga yatsa ɗaya, a ce ya koma sai ya nemi izini kafin ya ƙara sukari a shayi? Gara rufi ya sake ruftowa.

Tun daga ranar, kullum da safe kafin ta wuce makaranta sai ta ajiye mini kula mai hawa uku. Hawan farko ganye, na biyu wake, na uku guntun kifi gasasshe da ko ɗigon mai bai gani ba. Na buɗe ranar farko, na rufe. Na zauna na yi tunani irin na wanda ya san aiki.

Likita ta karanta littattafai, ban musa ba. Amma ta taɓa shugabantar mai gadi ko na kwana ɗaya? Ta ce matsalar kururuwa ce. Ni kuwa na san abin da ke kashe kururuwar mai gadi, don na ga an yi. Shekarun baya, ɓarayi sun so shagon katakon da ke maƙwabtaka da mu. Ba su zo da makami ba. Tire guda na nama mai maiƙo suka aika wa masu gadin da yamma, wai sadaka. Aka wayi gari babu katako, babu ƙofar shagon ma, masu gadi uku na kwance suna minshari. Mai gadi da yunwa shi ne mai ihu, ko ɓera ya gifta sai ya busa usur. Cika masa ciki ka ga zaman lafiya. Yanzu a ce in tura wa masu gadin da ke cikin fushi ganye da wake? Ai tawaye za su yi.

Na kira Dogo, mataimakina, mutumin da ya shekara ashirin a bayana kuma bai taɓa cewa a'a ga abinci ba.

"Ungo wannan. Kullum naka ne. Ka wanke kular ka dawo mini da ita kafin a tashi."

"Shugaba, lafiya?"

"Aiki na musamman nake yi. Ba na ƙananan ma'aikata ba ne."

Na haye titi wurin Mai Abinci, matar da ke da rumfa daura da ƙofarmu. Na ce daga yau a ninka mini nama, kuma ta zaɓo inda kitse ya fi, a malala mai a kan shinkafa har ya kwanta a gefen faranti, a ɗora lemon kwalba mai sanyi. Da safe shayi cokali huɗu na sukari, madara mai kauri, burodi da bota.

"Baba Ƙi-Gudu, an ƙara albashi ne?" in ji ta.

"Ma'aikata nake ciyarwa."

Ta leƙa bayana ta ga babu kowa, ta zuba.

In na gama ci sai in koma kujerata, in dafa gefen cikina na dama, in yi musu magana a hankali yadda nake yi wa sababbin ɗauka. "To, kun ci kun ƙoshi. Kowa ya nemi wuri. Wanda na sake jin ya busa usur, ni da shi ne." Ba a minti goma sai in ji wani lumshi ya sauko mini tun daga ƙeya har gwiwa. Na ce alhamdu lillahi, sun kwanta, har barcinsu ya taso ya same ni.

Wata biyu muka yi a haka. Alƙaliya na karɓar kula a wanke tas tana sa mini albarka. Dogo kuwa wani abu ya same shi. Mutumin da in zai tashi daga benci sai ya kira sunan Allah sau biyu, sai ga shi yana tsallake kwata da ƙafa ɗaya. Ya ce matarsa na tambayarsa ko asiri ya yi. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar da likita ta sa mu koma a duba yadda ake ciki, na sa rigata mai aljihu huɗu. Maɓallin tsakiya ya ƙi shiga, na ce telolin yanzu ba su da amana. Aka ɗebi jini da safe, da rana muka shiga. Kafin likita ta buɗe takarda na ɗaga mata hannu.

"Dakata, 'yata. Kafin ki karanta, ɗauki biro. Zan ba ki wani ilimi kyauta, ki koya wa na bayanki, ba sai kin ambaci sunana ba."

Na zayyana mata komai. Shagon katako, tiren nama, cokali huɗu, lumshin bayan cin abinci. Ina magana ina kallon likita, shi ya sa ban ga fuskar Alƙaliya ba sai da na ji muryarta.

"Kular fa?"

"Dogo."

"Wata biyu ina tashi da asuba ina yanka ganye saboda Dogo?"

"Ya gode ƙwarai. Ya ce a gaya miki waken ya fi daɗi in an ɗan ƙara gishiri."

Likita ta cire tabarau, ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take yi don ilimin ya ratsa ta. Da ta ɗago sai ta juyo mini da takardar. Ko ban yi makaranta ba, na san lamba, don lambar mota na fara koya. Ɗari da talatin da ɗaya. Sikeli kuma ya ce casa'in da takwas.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

"Na'urarku ta lalace," na ce, amma ni kaina na ji muryar ba ta fito da ƙarfinta ba.

Likita ba ta yi mini faɗa ba, na ba ta wannan. Ta goge ido ta ce, "Baba, barcin da kake ji naka ne, ba nasu ba. Waɗannan ba sa barci. Bari in tambaye ka a matsayinka na shugaba. A shekarunka na aiki, an taɓa kawo kayan da suka fi ƙarfin sito?"

Wa ya gaya mata? Na ce an taɓa. Zamanin manaja na huɗu ne, wani mai haɗama. Ya ji man girki zai yi tsada, ya sayo tirela tara, alhali sitonmu huɗu yake ɗauka. Aka jibge jarkoki har rufi, aka cika hanyoyin da ake bi, aka ɗora wasu kan wasu. Da zafi ya yi sai na ƙasa suka fara fashewa. Fam! Kamar bindiga. Duk fashewa sai yarana su busa usur su ruga, su zame a mai, su ture wani layin, wasu su sake fashewa. Manaja ya ce ɓarayi ne ke huda jarkoki, ya ɗauko hayar ƙarti goma sha biyu daga waje, masu kulake. Ba su san kowa ba. Ranar farko suka kama akawunmu da ya shekara goma sha biyar a wurin, ya fito da fasasshiyar jarka zai zubar, suka yi masa dukan da sai da ya yi mako uku a kwance. Daga nan Manaja ya kira magina suka toshe tagogi da bulo, wai kada a shigo ta nan. Sito ya yi duhu, iska ta daina shiga, zafi ya ƙaru, jarkoki suka ci gaba da...

Ban ƙarasa ba.

"Me ya kawo ƙarshen abin?" in ji likita.

"An kwashe man," na ce. "Tirela biyar aka fitar."

"Ƙartin hayar fa?"

"Da aka daina jin fashewa babu wanda ya sake kiransu. Suka watse."

"Yaranka na gida?"

"Su suka wanke sito. Su suka fasa bulon wasu tagogin ma. Biyu dai har yau a toshe suke, siminti ya riga ya kama."

"To haka naka suke. In ɓarna ta tsaya, su ɗin nan masu kururuwa su ne ke komawa shara, har wani tabon suna iya cinyewa. Wanda ya riga ya kama sosai yana iya zama. Kai kuma wata biyu kana ƙaro tirela."

Ni fa abin da ya fi ƙona mini rai, ashe a wannan labarin ba ni ne shugaban masu gadi ba. Ni ne manaja na huɗu, mutumin da har ya bar aiki ban taɓa gaishe shi da hannu biyu ba.

A waje Alƙaliya ta yi gaba abinta, sai a bakin titi na cim mata.

"Uwata," na ce. Rabon da in kira ta haka tun tana 'yar firamare. "Wata shida kika ce."

"Ka ci biyu. Da kitse."

"Saura huɗu. Alƙali ba ya canza hukunci a tsakiyar hanya."

Ta dube ni ta dube ni. "Huɗu. Kuma zan sa a fara yi wa ɗakin da za ka zauna fenti, don na san ƙarshen zancen."

Washegari na ƙwace kulata daga hannun Dogo. Har ya buɗe hawan farko.

"Haba Shugaba, ai jikina ya saba."

"Ka gaya wa matarka ta koyi yanka ganye."

Mai Abinci ta ga azahar ta wuce ban haye ba, ta aiko a tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce a gaya mata an rufe karɓar kaya sai abin da hali ya yi. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. A na huɗu ta sa kaskon suyarta daidai inda iska ke kaɗowa ƙofarmu. Na san da gangan ne. Na juya kujerata na fuskanci bango, na ci wakena ina haɗiyar yawu, ina tuna wa kaina cewa adda ma ba ta kayar da ni ba. Amma in faɗi gaskiya, adda sau ɗaya ta zo. Kaskon nan kullum ne.

Hana shigowa rabin aiki ne, sai an fitar da wanda ke ciki. Likita ta ce babu motar da ke kwashe kitsen hanta sai ƙafa. Na tuna rabona da zagaya katangar sito tun da aka ba ni shugabanci da kujera mai hannu, shekara goma sha huɗu ke nan. Na ɗauki sandata na ce daga yau shugaba zai riƙa sintiri da kansa.

Zagaye na farko lafiya. A na biyu, wajen kusurwar baya, numfashi ya ƙi ni. Na jingina da katanga ina haki. Wani direba ya leƙo ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce tsagewa nake dubawa, ya wuce ya ba ni wuri. Kuma Allah da ikonsa, da na sunkuya don ƙaryar ta yi kyau, sai ga rami a gindin katangar bayan wasu tsofaffin tayoyi, daidai faɗin kwalin sabulu. Bakinsa har ya yi sulɓi don yawan wucewa. Wanda zai ce to ina allurar da na ce ba ta taɓa fita ba, sai in ce ya koma ya karanta da kyau. Ƙofa na ce ina tsarewa. Wannan rami ne.

Na sa aka toshe shi a ranar. Manaja ya zo da kansa ya yi mini godiya a gaban kowa, wasu leburori biyu kuma suka daina gaishe ni.

A mako na biyu ina zagaye huɗu. A ƙarshen wata, zagaye takwas da safe, shida da yamma. Yarana suka shiga uku, don babu wanda ya san ta inda zan ɓullo. Mai karanta jarida a bayan janareta, mai wasa da waya a cikin tsohuwar mota, duk na tono su. Dogo ya ce, "Shugaba, don Allah ka koma ciwonka, mun fi jin daɗinka." Na daina shiga bas in an tashi, ina takawa har gida, minti hamsin. Shayi na sauko da shi daga cokali huɗu zuwa biyu, zuwa ɗaya, zuwa wani ruwan zafi mai launi da ba zan ba maƙiyina ba. Sau ɗaya na faɗi, ba zan ɓoye ba. An yi walimar sabuwar mota a wurin aiki, na ci cinyar kaza uku da lemo biyu. Na dafa cikina na ce, "Ku yi haƙuri, tirela ɗaya ce ta kuskure." Na ƙara zagaye biyar a ranar.

A wata na uku na huda sabon rami a bel ɗina da ƙusa. A na huɗu na huda wani. Rabin bulon da ke ƙarƙashin haƙarƙarina ban san ranar da aka ɗauke shi ba, na dai farga babu shi.

Ranar hukunci Alƙaliya ta zo da wata jaka babba a naɗe a hammata, wai don ta kwashe kayana in an gama. Aka ɗebi jini, aka hau sikeli, aka ƙwanƙwasa haƙarƙari. Wannan karon ban ba kowa ilimi ba. Na zauna na haɗa hannuwa kamar mai neman aiki.

Likita ta daɗe tana duba takardar. "Kilo tamanin da takwas. Lambar jini arba'in da bakwai."

"Arba'in kika ce ta masu lafiya," in ji Alƙaliya da sauri.

"Sauka kika ce," na ce. "Ba ki ce ta kai arba'in ba. Akwai shaida, ga likita."

"Ni ba na wurin," in ji likita tana dariya. "Amma ta sauka sosai. Kumburin ya lafa. Taurin ya ɗan ragu, bai tafi duka ba, akwai tabon da za mu ci gaba da sa wa ido. Kuma Baba, in ka koma gidan jiya, su ma za su koma. Ba a sallamar wannan ciwon, zama ake yi da shi. Bayan wata shida ina son ganinka."

"Masu gadin fa, yaya suke?"

"Suna bakin aiki."

"A gaishe su," na ce. "Yaran kirki ne. Shugabanci suka rasa."

Muka fito. Na zaci Alƙaliya za ta yi murna ko ta yi fushi, sai na ga ta zauna a kan dakalin harabar ta ɗora jakar a cinya, ta yi tagumi.

"Ke kuma lafiya? Ubanki ya warke kina zaman makoki?"

"Na ji daɗi, Baba, wallahi na ji daɗi. Ɗakin ne."

"Ɗakin me ya yi?"

"Na yi fenti. Na sa labule, na sayi katifa mai tsada. To wan mijina ya zo ya gani."

Na san mutumin. Ya taɓa zuwa gidansu da sunan kwana biyu, ya yi wata goma sha huɗu, kuma da zai tafi ya tafi da rediyo.

"Ya kwanta a katifar ya gwada," in ji ta. "Ya ce in Baba bai zo ba, kada ɗaki ya zauna haka, shi zai taimaka. Na ce masa Baba na nan tafe ƙarshen wata. Yanzu me zan ce?"

"Ashe ba hantata kike so ba, mai gadi kike nema."

"Baba! Duka biyun ne."

Na bar ta ta ɗan dahu. Sannan na ce aikina na sito yana nan, ɗakina na haya yana nan, amma ranakun hutuna biyu a mako zan iya karɓar wani aikin. Sharaɗi uku. Da ƙafa zan zo, kada a aiko mini da mota. Makullin ɗakin a aljihuna zai zauna. Kuma zan bar tsofaffin takalman aikina a bakin ƙofar, da sandata ta biyu a jingine, yadda duk wanda ya leƙo zai san wurin da mai shi.

"Albashi fa?" in ji ta, ta fara murmushi.

"Gishiri kaɗan a wake."

"Sai na tambayi likita."

Ta miƙe ta ɗaga hannu za ta tsayar da tasi. Na sauke mata hannun, na karɓi jakar, na ce gidan nata ai bai fi minti arba'in ba, gara in fara ganin wurin aiki tun yau. Ta dubi takalmanta masu tsini, ta dube ni. Muka kama hanya, tana bayana tana mita, ni kuwa ina rage sauri a kowace kwana don kada yarinyar ta ji kunya.